Me Ke Cin Zuciyar Mai Jego?

A ƙauyukan da ke kewaye da Dakoro ta jihar Maraɗi a Nijar, daga Kornaka zuwa Birnin Lalle har can arewa inda gonakin gero ke ƙarewa makiyaya su karɓi fili, akwai wani ciwo da tsofaffin mata suka san kamanninsa tun kafin likita ya raɗa masa suna. Mace ta sauka lafiya. An yi suna, an yanka rago, 'yan barka sun watse. Bayan mako uku, ko wata biyu, sai ƙafafunta su fara kumbura. Zobe ya ƙi fita daga yatsa. In ta ɗauko tulu daga bakin rijiya sai ta yi ta tsayawa a hanya tana haki. Daga baya kwanciya ma ta gagara, da ta miƙe a tabarma numfashi ya sarƙe, tari ya taso, dole ta kwana a zaune ta jingina da bango, jariri a cinya.

"Inna, numfashina ba ya isa ta."

"Yi haƙuri 'yar nan, sanyi ne ya shige ki. Wanka ne bai karɓe ki ba."

Sai a ƙara itace a murhu, a ƙara kunu. Wata ta miƙe. Wata kuwa ba ta ganin yayen ɗanta.

Ciwon zuciya ne. Tsokar zuciya ce ke saki, ta kasa tura jini yadda ya kamata, ruwa ya taru a huhu da ciki da ƙafafu. Abin da ya ɗaure wa likitoci kai shi ne matan nan ba su da ciwon zuciya kafin ciki. Mata ne masu jini a jika, masu daka da surfe. Ciwon kuma bai raba kansa daidai a duniya ba. A Japan ana samun mace 1 a cikin haihuwa wajen 20,000. A Amurka, 1 a cikin 1,000 zuwa 4,000. A Hayiti, 1 a cikin 300. A ƙasar Hausa, inda aka ƙirga, 1 a cikin 100, kuma babu inda aka taɓa ganin yawan da ya kai haka. Tazarar ta wuce a ce tsautsayi ne. Shekara hamsin ke nan ana bin sawun dalili, sawun kuma ya kai masu binsa wuraren da ba su zata ba.

A Zariya aka fara. A farkon shekarun 1970, Farfesa Eldryd Parry, ɗan Birtaniya da ke koyar da likitanci a Jami'ar Ahmadu Bello, shi da abokin aikinsa Neil Davidson, suka lura ɗakin mata na asibitin koyarwa ba ya rabuwa da masu jego masu kumburi. Suka shiga rubuta labarin kowacce, har suka tara mata 224, suka wallafa abin da suka gani a 1978. Abu na farko da ya ja hankalinsu shi ne kusan dukkan matan Hausawa ne da Fulani, alhali Zariya cike take da Yarbawa da Ibo da mutanen kudancin lardin, waɗanda su ma suke haihuwa a gari ɗaya, suna shan ruwa ɗaya. Suka kuma ga ciwon yana da lokaci, ya fi yawa a tsakiyar damina, wajen watan Yuli. Ga shi kuma yawanci a makonnin jego yake tasowa.

Me mai jego Bahaushiya ke yi wanda maƙwabciyarta Bayarba ba ta yi? Amsar na cikin gida, kowane Bahaushe ya san ta. Safe da yamma ana tafasa ruwa a babbar tukunya, a tsoma ganye a dinga fyaɗa mata a jiki, har kwana arba'in, wani lokaci fiye. A Zariya ta wancan zamani, bayan wanka takan kwanta a kan gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa. Sannan ga kunun kanwa, don nono ya kawo, ciki ya wanku, ƙarfi ya dawo. Duk wannan don korar sanyi ne, kuma da ƙauna ake yinsa. Mijin da ya tara itacen wanka tun ciki na wata bakwai, shi ne mijin da ake yabo.

Likitocin suka ɗora hujja a kan hujja. Kanwa cike take da sinadarin sodiyam, irin wanda ke cikin gishiri, shi kuwa riƙe ruwa yake a jiki. Zafi yana buɗe jijiyoyin fata, ya tilasta wa zuciya ta ƙara yawan jinin da take turawa. A damina iska tana da laima, gumi ba ya bushewa, jiki ba ya samun hanyar huce zafin. Da John Sanderson da abokan aikinsa suka duba zukatan irin waɗannan mata da na'urar hoton zuciya, suka wallafa a 1979 cewa da yawa daga cikinsu zuciyar tana matsawa da ɗan dama, ruwa ne ya yi mata yawa. Aka ba su maganin da ke fitar da ruwa ta fitsari, cikin 'yan kwanaki kumburi ya sace, numfashi ya dawo. Magana ta zauna. Littattafan likitanci a ƙasashe da dama suka ɗauka, har yau ɗalibi a Landan ko Delhi yana iya karanta cewa matan Hausawa suna kamuwa da ciwon zuciya saboda kanwa da ruwan zafi.

Aikin Zariya aiki ne na gaskiya, kuma ya ceci rayuka. Sai dai ina ganin akwai dalili na biyu da ya sa duniya ta rungumi amsar da sauri haka, wato arharta. In laifin na kaka ne da ungozoma, to ba wanda za a tambaya ina abincin matar, ina makarantarta, ina hanyar da za ta kai ta asibiti. Wa'azi kawai za a yi wa tsofaffi.

Amma akwai tambayar da amsar ba ta rufe ba. A wancan zamani kusan kowace Bahaushiya tana wankan jego, kusan kowacce tana shan kunun kanwa. In su ne sanadi, me ya kare mata 99 ya kama 1? Ga kuma Hayiti, can tsallaken teku, inda ba a san kanwa ba amma ciwon ya yi katutu. Su kansu likitocin Zariya, da suka ci gaba da bin matan nan shekaru da yawa, suka ba da rahoto a 1998 cewa wani kaso mai yawa daga cikinsu hawan jini ya kama su daga baya. Ke nan akwai abin da ke kwance a jikin tun kafin a ɗora tukunya a murhu.

Sawu na biyu a Nijar ya bayyana. Wani likita Bafaranshe, Arnaud Cénac, yana aiki a Asibitin Ƙasa na Yamai a shekarun 1980, yana ganin irin waɗannan mata. Ya lura yawancinsu talakawa ne, masu aikin ƙarfi har ranar naƙuda, masu haihuwa kusa da kusa. Sai hankalinsa ya tafi ƙasar Sin. A can, a gundumar Keshan da ke arewa maso gabas, an yi fama tun 1935 da wani ciwon da ke sakin tsokar zuciya, wanda ya fi kama yara da mata masu shekarun haihuwa. Bayan shekaru aka gano ƙasar noman yankin tana da ƙarancin wani sinadari da ake kira seleniyom, don haka hatsin da ke fitowa daga cikinta ma ba shi da isasshensa. Da aka fara ba mutane sinadarin a shekarun 1970, ciwon ya ja baya ƙwarai. Jiki ɗan kaɗan yake buƙata, amma ba ya iya ƙera shi da kansa. Daga ƙasa yake shiga hatsi, daga nama da kifi da ƙwai yake shiga jini. Ciki da shayarwa kuma zuƙe shi suke yi daga jikin uwa.

Cénac ya auna jinin masu ciwon, ya gwada da na masu shayarwa lafiyayyu. A 1992 ya wallafa sakamako: seleniyom ɗin masu ciwon ya yi ƙasa sosai. Duk wanda ya san abin da matar ƙauye ke ci a arewacin Maraɗi ba zai yi mamaki ba. Fura da safe, fura da rana, tuwon gero da dare in an samu, nama sai sallah ko suna. Aka ce to, ga ɓarawon an kama. Sai Hayiti ta sake ɓata lissafi. James Fett, likitan da ya daɗe yana bin ciwon a Asibitin Albert Schweitzer da ke Deschapelles, ya auna jinin matan can bai ga ƙarancin seleniyom ba. Wato sinadarin yana da hannu a Sahel, amma ciwon yana iya zuwa ba tare da shi ba.

A Sakkwato, Simeon Isezuo da abokin aikinsa suka ƙirga a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, suka samu mace 1 a cikin haihuwa 102, a rahoton 2007. Shekara talatin bayan Zariya, an yi wa'azi an gaji, gadon wuta ya ragu a birane, amma adadin yana nan inda yake.

A Kano aka yi wa tambayar gwajin da ya dace da ita. Farfesa Kamilu Musa Karaye, likitan zuciya a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ya fara da tabbatar da abin da aka gani a Yamai. A 2015 ya nuna wajen kashi uku cikin huɗu na masu ciwon seleniyom ɗinsu ya faɗi ƙasa matuƙa, alhali a cikin masu jego lafiyayyu wajen kashi ɗaya cikin biyar ne kawai. Daga nan ya jagoranci wani babban rajista da aka kira PEACE, wanda ya haɗa asibitoci 22 a faɗin Najeriya da mata 406 masu ciwon. Aka jera su gefe da gefe da masu jego da ba su kamu ba, aka yi wa kowa tambayoyi iri ɗaya. Sakamakon ya fito a 2020. A arewa maso yamma adadin ya kai 1 a cikin 96. Da aka tace abubuwan da suka raba masu ciwon da lafiyayyu, sai ga su: rashin karatun boko, rashin sana'ar da ke kawo kuɗi, rama, da hawan jinin masu ciki. Wankan jego da kunun kanwa ba su fito a jerin ba. Lafiyayyun ma sun yi wanka, sun sha kunu.

Kada a yi wa wannan gurguwar fahimta. Binciken bai wanke kanwa ya mayar da ita magani ba. Zuciyar da ta raunana, in aka loda mata gishiri da zafi, faɗuwarta za ta yi sauri, kuma abin da likitocin Zariya suka gani ke nan da idonsu. Mutanen Dakoro, masu ja daga rijiyoyi masu zurfi, sun san igiyar da ta riga ta sille. Ranar da ta tsinke za a ce guga ne ya yi nauyi, alhali jiya ma shi ta ɗauko. Abin tambaya shi ne me ya cinye igiyar.

Ɗakunan bincike suka ba da wani ɓangare na amsar. A Hannover ta Jamus, Denise Hilfiker-Kleiner da tawagarta suka nuna a 2007 cewa sinadarin furolaktin, wanda shi ne ke sa nono ya kawo, yana iya juyewa ya zama mai cutarwa. A ƙarshen ciki jiki yana samar da wasu gurɓatattun sinadarai masu ƙona ƙwayoyin halitta. Lafiyayyen jiki yana da masu kashe su, kuma seleniyom na cikin kayan da ake ƙera waɗannan masu kariya da su. In kariyar ta gaza, wani sinadari mai yanka yakan datse furolaktin, guntun da ya fita kuma ya lalata ƙananan jijiyoyin da ke ciyar da tsokar zuciya. Nan aka gane me ya sa ciwon ke jiran haihuwa, lokacin da furolaktin ke cika jini, aka kuma hango inda ƙarancin seleniyom zai iya shigowa. A 2012 masu bincike a Boston suka ƙara wata mahaɗa: mabiyiya tana sakin wani sinadari mai hana ƙananan jijiyoyi gyaruwa, kuma shi ne ke yin yawa fiye da ƙima a jikin mace mai hawan jinin ciki, wanda in ya tsananta yake kai wa ga jijjiga. Shi ya sa a duniya baki ɗaya wajen mace 1 cikin 5 masu wannan ciwon zuciya ta yi hawan jinin ciki. A 2016 kuma aka duba ƙwayoyin gado na mata 172, aka samu kashi 15 cikin 100 suna ɗauke da wata tawaya da suka gada, galibi a ƙwayar da ake kira TTN. Sauran kashi 85 ba a ga wannan a jikinsu ba.

Maganar gado ita ta kai mu ga sawun da ya fi kowanne zafi. A Amurka babu wankan jego, babu kanwa, ƙarancin seleniyom kuma ba matsala ba ce. Duk da haka baƙar mace a can ta ninka farar mace sau uku ko huɗu wajen kamuwa da wannan ciwo. Wani bincike a Philadelphia a 2017 ya nuna ana gano ciwon a jikin baƙaƙen mata a makare, zukatansu kuma ba sa farfaɗowa kamar na farare. Ba a zuciya kaɗai abin ya tsaya ba. A 2021, a cikin kowace haihuwa 100,000, baƙaƙen mata kusan 70 suka mutu saboda ciki ko haihuwa, farare kuma kusan 27. Hausawa, mutanen Hayiti, baƙaƙen Amurka: mai gaggawa zai ce ai magana ta fito fili, jinin baƙar fata ne.

Wasu likitocin jarirai biyu a Chicago, Richard David da James Collins, suka samo hanyar gwada wannan zato. Ba zuciya suka auna ba, nauyin jarirai suka auna, domin shi ma an daɗe ana jingina bambancinsa ga jini. Suka ɗauki takardun haihuwa na jihar Ilinoi daga 1980 zuwa 1995, suka kasa iyaye mata gida uku. Lissafinsu mai sauƙi ne. In jinin Afirka ne ke sa a haifi ƙaramin jariri, to matar da aka haifa a Afirka ta yi ƙaura zuwa Amurka ita ya kamata ta fi kowa haifar ƙanana, tunda baƙaƙen Amurka jininsu ya gauraya da na Turawa tsawon ƙarnoni. Sakamakon da suka wallafa a 1997 ya zo a juye. Jariran farare, a matsakaici, giram 3,446. Jariran matan da aka haifa a Afirka, giram 3,333. Jariran baƙaƙen da aka haifa a Amurka, giram 3,089. Baƙuwar da ta zo daga Afirka ta fi kusa da farar mace fiye da 'yar'uwarta ta jini da ta tashi a can. Da suka bi zuri'a ta gaba, suka ga 'ya'yan baƙin nan mata, waɗanda suka girma a Amurka, jariransu sun fara raguwa. Jini bai sauya ba a tsakanin uwa da 'ya. Rayuwa ce ta sauya.

Arline Geronimus ta Jami'ar Michigan ta riga ta hango wannan tun 1992. Ta lura farar mace ta fi samun lafiyayyen jariri a shekarunta na ashirin da wani abu fiye da in ta haihu tana budurwa ƙarama, amma a wajen baƙar mace talaka abin yana ƙara muni ne yayin da take ƙara shekaru. Ta ce jikin yana tsufa kafin lokacinsa, saboda zama cikin fargaba da raini da ƙunci yana sa sinadaran tashin hankali su yi ta kwarara a jini ba hutu, su ɗaga hawan jini, su gajiyar da jijiyoyi. Da farko an yi mata ca. Sai hujjoji suka yi ta zuwa. Diane Lauderdale ta duba takardun haihuwa na Kalifoniya, ta ga matan da ke da sunayen Larabawa sun fi haifar jarirai marasa nauyi a watanni shida da suka biyo bayan harin 11 ga Satumba 2001, idan aka gwada da shekarar da ta gabata, alhali sauran mata ba su sauya ba. Abincinsu bai ragu ba, asibitinsu bai rufe ba. Tsoro da tsangwama ne suka ƙaru, jariran da ke ciki kuma suka biya.

Da wannan sai sawun ya haɗe. Launin fata ba ya sa zuciya ta saki. A Amurka launin fata shi ne ke nuna wa aka fi ɗora wa kaya. Kayan kuwa yana shiga jiki ta hanyoyin da yanzu aka sani, ta hawan jini, ta raunin jijiyoyi, ta ƙarewar kariyar jiki, kuma waɗannan su ne ƙofofin da ciwon zuciyar jego ke shigowa ta cikinsu. A Dakoro ba a raba mutane fari da baƙi, amma layukan rabon suna nan, kuma su ne binciken Kano ya zayyana: wadda ta shiga aji da wadda ba ta shiga ba, mai abin hannunta da mai jira a ba ta, mai ƙoshi da ramammiya.

A duba rayuwar matar ƙauye a wannan yanki. Binciken lafiya na ƙasa na 2012 ya nuna macen Nijar tana haihuwar 'ya'ya 7.6 a matsakaici, a jihar Maraɗi kuwa sama da 8, kuma mata uku cikin huɗu a ƙasar an aurar da su kafin shekara 18. Yarinya ta ɗauki cikin fari jikinta bai gama ginuwa ba, ta ɗauki na biyu jinin da ta zubar a na farko bai dawo ba. Da an kammala girbi maigida ya tafi cin rani Najeriya ko Libiya ko Aljeriya, ita ke nan da yara da surukai da rumbun da ba ita ke riƙe da ikonsa ba. Ruwa, itace, daka, 'yar gamanarta, duk a kanta, ga tunanin ko aike zai zo ko ba zai zo ba. Matan da ke haihuwa yanzu a Dakoro, da yawansu jarirai ne ko 'yan yaye a yunwar 2005, shekarar da ƙungiyar likitoci ta MSF ta buɗe cibiyar kula da yara masu tamowa a garin. Jikin da ya fara rayuwa da yunwa shi ne yau ake nema ya ɗauki ciki ya shayar.

Har watan Yulin nan na Zariya ina ganin yana da karatu na biyu. Likitocin sun karanta shi a matsayin zafi da laima, kuma da gaskiyarsu. Amma manomi ya san tsakiyar damina da wata fuska. Lokacin ne tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba, lokacin ne noma ke cin ƙarfin kowa a gida, lokacin ne sauro ke dawowa da zazzaɓin da ke shanye jinin mai ciki. Wannan fahimtata ce, amma ta yi daidai da abin da aka gano a Yamai da Kano daga baya.

Akwai kuma kayan da mu muke ɗora mata da bakinmu. Mun koya wa 'ya mace cewa dauriya ita ce mutunci. Mai cikin fari ba ta faɗin ciwo don kunya. Wadda ta yi naƙuda ba a ji muryarta ba, ita ake yaba wa. Wadda ke da kishiya tana tsoron a ce raguwa ce. To mace da aka horar haka, yaushe za ta ce numfashinta ya gaza? Sai ta kai makonni tana kwana a zaune kafin wani ya ce a nemo amalanke. Daga ƙauye zuwa asibitin gundumar Dakoro tafiya ce, daga Dakoro zuwa Maraɗi kuma sama da kilomita 100. A cikin matan da rajistan PEACE ya bi na tsawon kimanin shekara ɗaya da rabi, kusan 1 cikin 5 ta rasu, kuma waɗannan su ne ma suka kai ga likitan zuciya.

Abin da ke ba ni ƙarfin gwiwa shi ne mafi yawan abin da ake buƙata ba shi da tsada. Tun 2006 gwamnatin Nijar ta ayyana awon ciki da tiyatar haihuwa da tsarin iyali a matsayin kyauta. Awon hawan jini minti biyu yake ɗauka, kuma shi ne ke tona babbar ƙofar ciwon tun kafin haihuwa. Alamomin kuwa ba sa buƙatar na'ura: mai jegon da ƙafarta ta kumbura har yatsa ke lotsawa a ciki, wadda ba ta iya kwanciya a miƙe, wadda tari ke tayarwa da dare, ta wuce maganin gida. A ranar ya kamata a dakatar da kanwa, a rage gishiri, a sassauta zafin ruwa, a ɗauke mata tulu da taɓarya, a kai ta likita. Maganin fitar da ruwa irin su Lasix da sauran magungunan ƙarfafa zuciya sanannu ne, kuma in an fara da wuri mata da yawa zukatansu suna farfaɗowa. A Kano an gwada ba wasu masu ciwon ƙwayar seleniyom na wata uku, aka ga alamomin ciwon sun ragu.

Akwai maganin da binciken Jamus ya haifar, bromokriftin, mai toshe furolaktin. Karen Sliwa ta gwada shi a kan mata 20 a Afirka ta Kudu, sakamakon 2010 ya ba da fata. Sai dai maganin yana ƙafar da nono. A Hannover wannan ƙaramin abu ne, ga madarar gwangwani ga ruwan famfo. A ƙauyen Dakoro, jaririn da aka raba da nonon uwa a wata na biyu yana cikin haɗarin gudawa da tamowa. Likitan da ke nan dole ya auna rai biyu a lokaci guda, kuma ba kowace amsar da aka samo a Turai ce za ta zauna a hannunsa yadda take ba.

Mataki na ƙarshe shi ne ciki na gaba, kuma shi ya fi wuya domin ba a hannun matar kaɗai yake ba. Macen da zuciyarta ba ta gama farfaɗowa ba, in ta sake ɗaukar ciki, ciwon yana iya dawowa da ƙarfin da ya fi na farko, kuma nan ne ake rasa da yawa. Wadda ta warke ma tana buƙatar tazara da awo na kusa. In likita ya faɗa wa matar ita kaɗai, maganar takan mutu a ƙofar asibiti, domin ba za ta iya tunkarar maigida da uwar miji da ita ba. Dole a zaunar da mijin a gaya masa da bakin da zai ji. Nijar tana da wurin da aka tanada don irin wannan zance, wato makarantun mazaje da aka fara a jihar Damagaram da tallafin hukumar UNFPA ta Majalisar Ɗinkin Duniya, suka bazu har Maraɗi, inda magidanta ke zama su tattauna awon ciki da haihuwa a asibiti. Kumburin mai jego da kwanan zaune ya kamata su shiga cikin darasin, tare da ungozomomi da kakanni, tunda su ne ke tsaye a kanta safe da yamma har kwana arba'in, kuma su ne za su fara ganin ƙafar ta kumbura.